Yaushe Ya Kamata a Fara Koya wa Yaro Harbi da Bindigar Iska?

"Assalamu alaikum, Malam. Ina da bindigar iska mai sifirin, irin wadda ake karya bututunta a ɗana, kuma nakan harbi takarda da ita a bayan gida lokacin hutu. Ɗana mai shekara bakwai ya matsa mini lamba in koya masa, kullum yana tsaye a bayana yana kallo, ga kuma ƙanwarsa mai shekara huɗu wadda duk abin da ya yi sai ta ce ita ma za ta yi. Mahaifiyarsu tana ganin ya yi ƙanƙanta, ni kuwa ina tsoron idan na ci gaba da hana shi, wata rana zai ɗauke ta a ɓoye. Shin shekara bakwai ta isa? Idan ta isa, ta ina zan fara, kuma da wace irin bindiga? Na gode."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka da kyau, tambayoyi uku ne a cikin saƙonka. Ta farko ita ce ko yaro mai shekara bakwai ya kai a ba shi bindigar iska ya harba, ta biyu kuma da wace bindiga da wane tsari za a fara. Ta uku ba ka kira ta tambaya ba, amma tana nan a tsakiyar maganarka, wato ko koya masa zai kawar da haɗarin ya ɗauki bindigar a bayan idonka. Ta ukun ce ta fi tsaya mini a rai, domin a shekarun da na yi ina horar da yara da matasa harbin bindigar iska daga nisan mita 10, na lura cewa a nan ne iyaye masu kyakkyawar niyya suka fi yin kuskure. Amsata a taƙaice ita ce, yana yiwuwa ɗanka ya isa ya fara, a zaune, kana kusa da shi yadda hannunka zai kai ga bindigar a kowane lokaci. Amma ko ya ƙware ko bai ƙware ba, bindigar za ta ci gaba da zama a kulle, kuma makullin yana wurinka.

Abin da ke hannunka

Sunan bindigar iska yakan sa mutane su raina ta, su sa ta a layi ɗaya da kayan wasan yara. Tarihinta bai yarda da hakan ba. Tun wajen 1780 rundunar sojan Ostiriya ta riƙe bindigar iska ta Girandoni a matsayin makamin yaƙi, kuma ta yi shekaru da dama tana amfani da ita. A yau kuma wasa ce ta ƙwararru: harbin doguwar bindigar iska daga mita 10 ya shiga gasar Olamfik a 1984, na ƙaramar ta hannu ya biyo baya a 1988, kuma da doguwar ce Abhinav Bindra ya ci wa Indiya zinarenta na farko na mutum ɗaya a 2008. Harsashin da ake gasa da shi faɗinsa milimita 4.5 ne, nauyinsa wajen rabin giram, ɗigon da ke ba da maki goma a tsakiyar takarda kuwa rabin milimita ne kacal. Wasa ce da ke koya wa yaro natsuwa da haƙuri da sarrafa numfashi, kuma ina ƙaunarta ƙwarai saboda abin da na ga tana yi wa yara masu rawar kai.

Sai dai wannan ɗan ƙaramin harsashi, ko daga bindigar gasa mara ƙarfi sosai, yana fita da gudun da ya kai wajen mita 170 a daƙiƙa ɗaya. Wannan ya isa ya fasa ido har abada. A jikin ƙaramin yaro, wanda fatarsa da ƙashin kansa ba su yi kauri ba, yana iya shiga ta gefen kai ko wuya ko tsakanin haƙarƙari, kuma an sha rasa rayukan yara ta haka a ƙasashe daban-daban. Abin da ya fi muni shi ne raunin yakan yi kama da ɗan ƙaramin ƙwarzane daga waje alhali harsashin ya yi nisa a ciki. Saboda haka duk ƙa'idar da ake bi da bindigar albarushi, ita ake bi da wannan, ba ragi.

Batun shekaru

Babu wata shekara guda da duniya ta haɗu a kanta, kuma dokoki sun bambanta. A Jamus, yaro sai ya kai shekara 12 kafin a bar shi ya harba bindigar iska a filin harbi, da rubutaccen izinin iyayensa kuma a gaban mai horarwa da aka amince da shi. Waɗanda ba su kai ba, ƙungiyoyi da yawa suna fara su da bindigar haske, wadda ke aika ɗigon haske zuwa allo ba tare da harsashi ba. A Ingila da Wales, yaron da bai kai 14 ba yana iya harbi a fili mai zaman kansa da izinin mai wurin, amma dole wani mai shekara 21 ko fiye ya tsaya a kansa, ba a sayar wa wanda bai kai 18 ba, kuma laifi ne harsashi ya tsallake iyakar filin. A Sikotilan ana neman takardar izini don mallakar bindigar iska tun ƙarshen 2016. Na kawo waɗannan ne don ka ga girman bambancin, kuma ka binciki dokar inda kake kafin komai, domin ita ce ke gaba da duk shawarar da zan ba ka.

Idan doka ta ba da dama, to abin da nake dubawa ga yaro ba takardar haihuwarsa ba ce. Na ga mai shekara bakwai da ya fi mai goma sha biyu natsuwa, na kuma ga akasin haka sau da yawa. Abu na farko da nake gwadawa shi ne tsayawa. Idan yaro yana tsakiyar abin da yake jin daɗinsa aka ce masa "tsaya", shin yana tsayawa nan take, ko sai ya ce bari in ƙarasa wannan ɗaya? Yaron da ke neman ƙarasa ɗaya bai kai ba tukuna, domin a filin harbi wannan ɗayan ne ake tsoro. Na biyu, yaya yake idan ransa ya ɓaci ko ya sha kashi a wasa, yana jifa da abin da ke hannunsa ko yana iya ajiye shi? Na uku, shin ya fahimci cewa mutuwa ba a dawowa daga gare ta? Yara ƙanana da yawa, musamman ƙasa da shekara biyar ko shida, suna ɗaukar mutuwa kamar barci ko tafiya, kuma wasannin kwamfuta da ake mutuwa a tashi ba su taimaka ba. Na huɗu, yana faɗin gaskiya idan ya yi ɓarna ba wanda ya gani? Wannan yana da muhimmanci, domin wata rana zai manta ko ya sa harsashi ko bai sa ba, kuma ina so ya faɗa maimakon ya ɓoye don tsoron faɗa.

Ban ga ɗanka ba, don haka ba zan iya yanke maka hukunci a kansa daga nesa ba. Ku biyu ne kuka san shi. Kuma ina roƙonka kada ka ɗauki damuwar mahaifiyarsa a matsayin cikas da za a lallaɓa a wuce. Sau da yawa uwa ta fi uba sanin yadda yaro yake idan ya gaji ko ya fusata. Ku zauna ku auna shi da waɗannan abubuwa huɗu, kuma idan ta ce a jira shekara guda, babu abin da zai rasa. Waɗanda suka fara a shekara goma ko goma sha biyu suna kamo na gabansu cikin 'yan watanni.

Koyarwa ba ta maye gurbin makulli

Yanzu ga tsoron da ka ambata. Akwai gaskiya a cikinsa: abin da aka haramta wa yaro ba tare da bayani ba yakan ƙara masa kwarjini, kuma yaron da aka nuna wa bindiga a fili, aka bar shi ya taɓa ta a gaban babba, aka amsa masa tambayoyinsa, ɗokinsa yakan ragu. Amma daga nan zuwa cewa yaron da aka koya wa ba zai taɓa ta a ɓoye ba, akwai tazara mai nisa.

A 2001 mujallar likitocin yara ta Pediatrics ta buga wani bincike da aka yi a Amurka. An sa yara maza masu shekara 8 zuwa 12 a ɗaki, biyu-biyu ko uku-uku, an ɓoye bindigar hannu ta gaske wadda aka gyara ba za ta harba ba a cikin aljihun tebur, ana kallonsu ta madubin da su ba sa ganin na bayansa. Daga cikin rukunonin da suka gano bindigar, kashi uku cikin huɗu sun ɗauke ta, kuma kusan rabi sun ja kunama. Abin da ya fi girgiza ni shi ne fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran da suka taɓa ta ko suka ja kunamar sun ce an taɓa koya musu darasin kiyaye bindiga. Darasin yana kansu, za su iya karanta maka shi da baki, amma da suka ga abin a gabansu ba babba, hannu ya riga tunani. Haka ƙwaƙwalwar yaro take. Sashen da ke taka wa sha'awa birki yana daɗewa bai nuna ba, kuma babu yawan nasiha da zai gaggauta shi.

Saboda haka abu biyu za su tafi tare. Za ka koya masa abin da zai yi idan ya ga bindiga ba babba a wurin, a gidanku ko a gidan abokinsa: ya tsaya, kada ya taɓa, ya bar wurin, ya faɗa wa babba. Kada ka tsaya ga faɗa da baki, ku riƙa gwadawa a aikace, ka ajiye wani abu a matsayin bindiga ka ga abin da zai yi, ka yaba masa idan ya yi daidai, ku maimaita idan ya kuskure, domin abin da jiki ya saba ya fi abin da kunne ya ji zama. A lokaci guda kuma bindigar za ta kasance a cikin akwati ko kabad mai makulli, ba a ɗane ba, ba harsashi a cikinta, harsasan kuma a wani wurin daban a kulle. Saman kabad da ƙarƙashin gado da bayan tufafi ba ɓoyo ba ne; yara sun san kowane lungu na gidansu fiye da yadda iyaye ke zato. A Birtaniya tun 2011 laifi ne mutum ya kasa ɗaukar matakin da ya dace don hana wanda bai kai 18 ba kai wa ga bindigar iskarsa, kuma ina ganin wannan ma'auni ne mai kyau ga kowane gida ko da doka ba ta tilasta ba. Ka kuma yi masa alkawari guda ka cika: duk lokacin da yake son ganin bindigar, ya tambaye ka, za ka buɗe ku duba tare. Wannan alkawarin ne ke kashe sha'awar sata.

Ƙa'idojin da zai fara da su

Masu harbi a ko'ina suna bin ƙa'idoji huɗu, waɗanda aka fi danganta tsara su ga Jeff Cooper, wani malamin harbi na Amurka: a ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗananniya, kada a nuna bakinta ga abin da ba a yi niyyar harbi ba, yatsa ya nisanci kunama har sai an saita, a tabbatar da abin da za a harba da abin da ke bayansa. Hikimarsu ita ce suna rufa wa juna baya, ta yadda sai an karya biyu a lokaci guda kafin a ji wa wani.

Ga mai shekara bakwai, huɗu a rana ɗaya sun yi yawa. Nakan fara da biyu, baki da yatsa, domin su ne ake gani da ido kuma ake gyarawa nan take. Nakan ce wa yaro ya ɗauka akwai wata doguwar sanda mara ƙarshe da ke fita daga bakin bindigar, duk abin da ta shafa ta ji masa. Aikinsa shi ne kada sandar ta shafi kowa, har ƙafarsa. Yatsa kuma a miƙe yake a gefen ƙota, sama da kunama. Wannan yana da wuya fiye da yadda ake zato, domin an ƙera bindiga ne yadda yatsa zai faɗa kan kunama da kansa, kuma za ka gyara shi sau talatin kafin ya zauna. Kada ka koya masa dogaro da ɗan makullin kunama da ke jikin bindigar. Ƙarfe ne, yana lalacewa, kuma yaron da ya saba cewa "ai na kulle" zai fara sakaci da bakin bindiga.

Akwai wani lokaci guda da nake so ka sa wa ido fiye da kowane, wato daƙiƙar da ta biyo bayan harbi mai kyau. Na taɓa tsayawa a kan wani yaro mai natsuwa ƙwarai, wanda ya yi makonni bai karya ƙa'ida ba. Ranar da ya fara samun tsakiyar takarda, sai ya juyo gaba ɗaya don ya nuna wa mahaifinsa, bindigar tana hannunsa, bakinta ya biyo shi. Hannuna yana kan ƙotar, don haka ba ta yi nisa ba, kuma ba harsashi a ciki. Amma laifina ne da ban riga na koya masa abin da ake yi da farin ciki ba. Tun daga ranar, kowane yaro nakan koya masa cewa bayan harbi sai ya buɗe bindiga, ya ajiye ta bakinta na kallon takarda, ya ɗauke hannuwansa, sannan ya juyo ya yi murna yadda yake so. Kuma kalmar "tsaya" ta kowa ce: ko ƙanwarsa ce ta faɗa, harbi ya tsaya.

Idan ya karya ƙa'ida, zaman ranar ya ƙare, ba tsawa, ba duka, ba wulaƙanci. Ka ce masa bakin bindiga ya kauce, yau mun gama, gobe za mu sake. Tsawa tana sa yaro ya firgita da bindiga a hannu, kuma tana koya masa ɓoye kuskure. Sannan ka sani cewa idonsa yana kanka tun kafin yau. Idan kai kana ɗaukar bindiga ba ka duba ta ba, ko kana harbi ba tabarau, abin da ya gani zai bi.

Bindigar da ke gidanka

Bindigarka mai sifirin tana da kyau ga babba, amma ban so ta zama ta farkon yaro mai shekara bakwai. Karya bututunta a ɗana ta yana buƙatar ƙarfin da ba shi da shi, kuma idan bututun ya kuɓuce ko aka taɓa kunama yana karye, yakan koma da ƙarfi ya datse yatsun da ke sa harsashi. Shi ya sa ko babba ake ce masa ya riƙe bututun da hannu ɗaya yayin da yake ɗurawa da ɗayan. Tana kuma zabura gaba da baya idan an harba, ta yadda sai wanda ya iya riƙe ta sako-sako iri ɗaya kowane lokaci yake samun daidai da ita, kuma yaro zai yi ta kuskure ba tare da sanin dalili ba. Ga nauyi, ga tsawon ƙota da aka auna da hannun babba. Yaron da bindiga ta fi ƙarfinsa yakan lanƙwasa baya, hannunsa ya yi rawa, bakin bindigar ya riƙa yawo, kuma wannan matsalar tsaro ce kafin ta zama ta iya harbi.

Abin da ya fi dacewa shi ne doguwar bindiga ƙarama mara nauyi, mai gajeriyar ƙota ko wadda ake iya rage tsawonta, mai ɗaukar harsashi ɗaya tak, mai ƙarfin da bai wuce jul 7.5 ba (jul ma'aunin ƙarfin harbi ne), wato matakin da bindigogin gasar mita 10 suke. Masu tankin matsattsiyar iska da ake kira PCP, da masu ɗan gwangwanin iskar kabon dayoksaid, ba sa zabura, don haka yaro yana ganin sakamakon abin da ya yi. Cika tankin PCP, wanda matsinsa ke kai bar 200 ko fiye (bar ma'aunin matsin iska ne), aikin babba ne kaɗai. Ka guji masu ɗaukar harsasai da yawa a jere, domin a cire ma'ajin harsasan ba ya nufin ba wanda ya riga ya shiga bututu. Ka guji ƙaramar bindigar hannu a wannan shekarun gaba ɗaya, saboda gajartarta tana sa ɗan motsin wuyan hannu ya juya bakinta zuwa ga wanda ke gefe. Idan akwai ƙungiyar harbi mai sashen yara da za ku iya zuwa, ita ce zaɓina na farko, domin suna da bindigogin da suka dace da jikin yara, kuma yara da yawa sun fi jin maganar mai horarwa fiye da ta mahaifinsu. Yawancin abin da na sani ma a irin wannan fili na koye shi, inda bango da layi da oda suke a tsare, don haka a bayan gida nauyin da ke kanka ya fi nawa.

Idan ba yadda za a yi sai da taka, to kai ne za ka ɗana, kai za ka sa harsashi, ka ɗora ta a kan buhun yashi a tebur, shi kuwa nasa saiti da jan kunama kawai.

Wuri, ido da dalma

Kafin harbin farko, ka tsaya inda zai zauna ka tambayi kanka inda harsashi zai je idan ya kuskure takardar da mita guda ta kowane gefe, ko ya wuce ta sama, domin harsashin da aka harba sama yana iya tafiya ɗaruruwan mitoci. Ana buƙatar akwatin tare harsashi a bayan takarda, sannan wani babban abu mai laushi da ke shanye shi a bayan akwatin, kamar tudun yashi ko kwali da aka cusa tsummoki sosai. Katako mai tauri da dutse da tayar mota da kwalba da saman ruwa duk suna dawo da harsashi ko su karkatar da shi. 'Yan ƙwallayen ƙarfe da ake kira BB sun fi kowane iri dawowa, domin ba sa lotsewa kamar harsashin dalma, don haka ban yarda da su ga yara ba. Wurin ya zama mai mashiga ɗaya wadda kake gani, yadda ba mutum ko dabba da zai ɓullo ta gefe.

Tabarau na kariya wajibi ne ga mai harbi da duk wanda ke tsaye a wurin. A nemi na folikabonet, wato roba mai ƙarfi da ba ta saurin fashewa, mai lambar ingancin ANSI Z87.1 ko EN 166, daidai fuskar yaro, mai rufe gefe. Tabarau na karatu ba ya wadatarwa.

Batun dalma kuwa, wadda da ita ake yin yawancin harsasan bindigar iska, mutane sukan manta da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba shi da illa, kuma ƙananan yara jikinsu yana shan ninki huɗu zuwa biyar na abin da na babba ke sha daga dalmar da aka haɗiye, illarta kuma a kan ƙwaƙwalwa mai girma take. Kada a sa harsashi a baki, kada a ci ko a sha a wurin harbi, a wanke hannu da sabulu da an gama, kuma kai ne za ka kwashe ɓaraguzan akwatin, ba da tsintsiya busasshiya mai tayar da ƙura ba. Akwai harsasan da ba dalma a cikinsu, sai dai sun fi tauri, sun fi saurin dawowa, don haka suna buƙatar abin tarewa mai laushi sosai.

Zaman farko

A ranar farko ba na barin a harba komai. Muna duba bindiga tare, ya koyi sunayen sassanta, ya koyi yadda ake buɗe ta a tabbatar ba komai a ciki. A gasa ana zura wani zaren roba mai launi ta cikin bututun har ya fito ta baki, don kowa ya gani daga nesa cewa bindigar fanko ce, kuma dabara ce mai kyau a gida, musamman da yake harsashin iska da ya shiga bututu ba a cika ganinsa ba. A ranar ne kuma nake gano idon da ya fi rinjaye: ya miƙa hannuwansa ya haɗa su ya bar 'yar kafa a tsakiya, ya kalli wani abu mai nisa ta cikinta da idanu biyu a buɗe, sannan ya jawo hannuwan a hankali zuwa fuskarsa, idon da kafar ta sauka a kansa shi ne. Idan na hagu ne alhali shi na-dama ne, ya fi sauƙi tun yanzu a koya masa harbi ta kafaɗar hagu, ko a rufe gilashin tabarau na hagun da ɗan tef mai dishi-dishi.

Bayan haka sai harbi a zaune, bindiga a kan buhun yashi, takarda babba a mita biyar ko shida, kai kana gefensa ta ɓangaren da hannunka zai kai ga ƙota, harsasai a aljihunka kana ba da ɗaya-ɗaya. Kada ka damu da tsakiya. Abin nema shi ne ramukan su taru wuri ɗaya, domin taruwa ke nuna yana maimaita abu iri ɗaya, matsar da su tsakiya kuwa aikin gyaran saiti ne. Ka koya masa ya saki rabin numfashi, ya matsa kunama a hankali ba fizga ba, ya ci gaba da kallon saiti daƙiƙa biyu bayan harsashi ya fita. Minti goma sha biyar zuwa ashirin sun isa, kuma ku tashi tun yana so, domin da gajiya ta shigo ƙa'ida ce ke fara zubewa. Takarda da abubuwan da aka yi don harbi kawai zai harba. Tsuntsu da ƙadangare da kowane mai rai ba sa cikin wannan darasi, kuma abokansa ba sa zuwa kallo, domin yaro a gaban abokai wani yaro ne daban.

Ita kuwa ƙanwar, shekara huɗu ba ta kai ba ta kowace fuska, kuma ba za ka iya lura da mai harbi da mai yawo a lokaci guda ba. Lokacin zaman ta kasance a cikin gida tare da wani babba, ƙofa a rufe. Darasinta a yanzu shi ne na tsayawa da rashin taɓawa da kiran babba, kuma ka gaya wa yayanta a sarari cewa ba shi da izinin nuna mata ko koya mata komai game da bindigar, ko da wasa, domin babban haɗarin da ke gidan mai yara biyu shi ne babban ya so ya zama malami.

Idan kuma, Allah ya kiyaye, harsashi ya taɓa wani a ido ko kai ko wuya ko ƙirji ko ciki, a tafi asibiti nan take ko da raunin ya yi kama da ba komai kuma yaron yana magana yana tafiya. Kada a yi ƙoƙarin ciro harsashin. Idan ido ne, kada a murza, kada a danna, kada a wanke. A kife wani abu mai tauri kamar ƙaramin kofi a kansa yadda ba zai taɓa ƙwayar idon ba, a ɗaure shi a hankali, kuma a gaya wa likita irin bindigar da irin harsashin da nisan da aka harba.